Sukurun da Ke Raya Amfilifaya ko Ya Kashe Ta

A jikin fanel ɗin yawancin manyan amfilifayoyin da ake haɗawa da hannu akwai wani ɗan abu, galibi shuɗi, faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba, da ƙaramin sukuru a kansa. Masu gyara firiset suke ce masa. Yana cikin kayan da suka fi araha a akwatin. Amma murɗa shi ba bisa ƙa'ida ba ya isa ya ƙone taransisto takwas kafin mutum ya kai hannu ga makunni. Ya kuma isa ya sa amfilifayar da aka kashe wa kuɗi masu yawa ta riƙa fitar da murya mai kaushi har ta tsufa, mai ita yana ta ɗora wa lasifika laifi.

Aikin wannan sukurun shi ne saita bayas, wato 'yar wutar da ake bari tana bi ta cikin taransistocin ƙarshe ko da babu sautin da ya shigo.

Haɗa amfilifaya sana'a ce mai rai a wurinmu. Daga kasuwar Alaba ta Legas har Sabon Garin Kano ana sayar da fanel, da kafasito, da taransisto irin su 2SC5200 da abokin tafiyarsa 2SA1943. A naɗa taransifoma, a ƙera akwati, sai ga na'urar da za ta yi shekaru tana aiki a masallaci, ko gidan biki, ko gidan kallon ƙwallo. Da yawa cikin masu wannan aiki hannunsu ya faɗa a kan dalma fiye da na wasu masu takarda. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne matakin ƙarshe. Wani ya bar firiset ɗin yadda ya zo daga kanti. Wani ya sa waƙa, ya yi ta murɗawa har kunnensa ya ce masa ya yi. Wani ya dafa hitsink, ƙarfen da ke shanye zafin taransistoci, da tafin hannu, in ya ji ɗumi ya rufe akwati. Duk caca ce. Bayas lamba ce da ake karantawa da mita, kuma sai na'urar ta ɗauki zafi sannan lambar take faɗin gaskiya.

Gurbin da ke tsakiya

Sauti a cikin waya wuta ce mai kai da komo. Rabinta tana tura takardar lasifika waje, rabi tana jawo ta ciki. Amfilifaya takan raba aikin gida biyu: taransisto irin NPN ya ɗauki rabin sama, irin PNP ya ɗauki rabin ƙasa. Matsalar ita ce taransiston silikon ba ya buɗewa sai ƙarfin wutar da ke tsakanin ƙafarsa ta bes da ta emita ya kai wajen bolt 0.6. In ba a yi wani tanadi ba, duk lokacin da sautin ya zo ratsa tsakiya, na sama ya riga ya rufe, na ƙasa bai buɗe ba, sai a sami ɗan gurbin da babu mai aiki. Kuma hakan yana faruwa sau biyu a kowane kai da komo, wato sau dubu biyu a daƙiƙa guda in sautin mai hez 1,000 ne.

Wanda ya taɓa tsayawa kallon mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da ake nema. Taɓarya ɗaya na tashi, ɗaya na sauka, ba gibi, ba karo. In ɗaya ta makara, kunne zai ji. In kuma suka yi gaggawa suka haɗu a bakin turmi, ita ma ɓarna ce. Bayas ne yake daidaita wannan karɓa-karɓar, kuma kamar a luguden, ana iya yin kuskure ta gefe biyu.

Wani abin lura: faɗin gurbin ba ya canzawa da ƙarar sauti. In an ƙure murya, amfilifaya na zuba bolt 20 ko 30 a lasifika, gurbin yakan ɓace a cikin hayaniya. In an rage murya ƙasa-ƙasa sai ya zama babban kaso na abin da ke fita. Shi ya sa za ka ji na'ura tana ƙara lafiya lau a filin biki, amma da asuba, liman yana karatu a hankali, sai muryar ta riƙa karcewa a ƙarshen kalmomi.

Matsalar ta girmi yawancinmu. A 1956 wani injiniya a kamfanin RCA na Amurka, H. C. Lin, ya wallafa tsarin amfilifayar taransisto da ba ta buƙatar taransifoma a bakin fita, kuma daga wannan tsari ne akasarin faneloli na yau suka samo asali. A shekarun 1960 masu sauraro suka yi ta ƙorafin cewa sababbin na'urorin taransisto sun fi tsofaffin na bawul kaushi, kuma wannan gurbi yana cikin manyan dalilai. A 1969 John Linsley Hood na Ingila ya buga zanen wata amfilifaya mai wat 10 a mujallar Wireless World, wadda ta kauce wa matsalar gaba ɗaya: taransistocinta ba sa rufewa sam. Wannan shi ne aji A. Sauti garau, amma wutar da take ci tana zaune ita ce wadda take ci tana aiki, kuma mafi yawanta zafi take komawa. Sauran duniya ta zaɓi tsaka-tsaki, aji AB: a bar 'yar wuta tana gudana don cike gurbin, ba ƙari.

Nawa ne ya isa?

Nan ne ake tafka gardama a bakin shago, alhali an daɗe da yin lissafin. A watan Fabrairun 1971, Barney Oliver, shugaban sashen bincike na kamfanin Hewlett-Packard, ya nuna a mujallar kamfanin cewa abin dubawa shi ne ƙarfin wutar da ke kan rizisto ɗin emita, wato fararen rizistocin nan na siminti masu wat 5 da ke jere kusa da manyan taransistoci. Karɓa-karɓar takan fi santsi idan wannan ƙarfin bai wuce kimanin milibolt 26 a kan kowane rizisto ba. Daga baya Douglas Self, injiniya ɗan Ingila wanda littafinsa kan ƙera amfilifaya ya fara fita a 1996, ya yi gwaje-gwaje masu yawa ya sami kusan abu ɗaya: da rizisto mai om 0.22, gurɓacewar sauti ta fi raguwa a wajen milibolt 46 a kan rizisto biyun haɗe, wato kimanin 23 kowanne.

Sauran lissafi na ɗan firamare ne. A raba milibolt da om, a sami miliamfiya. Milibolt 22 a kan om 0.22 miliamfiya 100 ke nan. Milibolt 26 a kan om 0.33 ya ba da kusan 79, a kan om 0.47 kuwa 55. Don haka wanda ya ce maka "ka sa miliamfiya ɗari" bai gaya maka komai ba sai ya faɗi girman rizisto ɗin. Haka kuma sai an san inda aka ɗora mitar. A kan rizisto ɗaya ne, ko daga emitar taransiston sama zuwa ta na ƙasa? Na biyun yana ba da ninki biyu. Mutane da yawa sun rikita waɗannan biyun, wasu suka tashi da rabin abin da ake so, wasu da ninkinsa.

Akwai wata magana da ta yi jijiya a tsakanin masu haɗi, wai ƙara bayas yana ƙara ƙarfi, ko yana sa gangar waƙa ta ƙara nauyi. Ba ya ƙara wat ko ɗaya. Ƙarfin amfilifaya daga taransifoma da kafasito yake. Abin da ƙarin bayas ke yi shi ne faɗaɗa ɗan yankin da taransistocin biyu ke aiki tare, kuma in aka lissafa yankin, abin dariya ne. Da miliamfiya 100 da lasifika mai om 8, yankin ya ƙare a wat 0.16. A ninka bayas, a sami wat 0.64. Mai son wat 10 cif a wannan yanayi sai ya kai wajen miliamfiya 800, kuma in layukan wutarsa bolt 35 ne sama da 35 ƙasa, hitsink zai riƙa shan wat 56 na zafi a kowane gefe, na hagu da na dama, na'urar tana zaune shiru. Abin da ya fi muni, gwajin Self ya nuna cewa da zarar sauti ya fita daga wannan yankin, amfilifayar da aka cika wa bayas takan fi wadda aka saita daidai gurɓata sauti, domin ƙarfin turawar yana sauyawa a daidai inda ɗaya taransiston ya janye hannu. An biya kuɗin wuta, an sha zafi, an kuma ƙara ƙazanta.

Ko a saiti na daidai ma zafin ba wasa ba ne. Layukan bolt 50 sama da ƙasa, bolt 100 ke nan. Miliamfiya 100 a kowane jeri, wato taransiston sama da na ƙasa, wat 10 ne. Jeri huɗu wat 40, gefe biyu wat 80, kafin a sa ko da sallama a makirufo.

Zafi, abokin gaba na gaskiya

Da a ce taransisto yana tsayawa yadda aka bar shi, da an gama magana. Ba ya tsayawa. Duk digiri ɗaya da ya ƙara zafi, ƙarfin da yake buƙata kafin ya buɗe yana raguwa da kimanin milibolt 2. Ka tuna abin da muke nema gaba ɗaya milibolt ashirin da 'yan kai ne. Digiri goma kacal sun isa su motsa lissafin da kusan wannan adadi. Taransisto ya yi zafi, ya ƙara buɗewa, wuta ta ƙaru, zafi ya ƙaru, ya sake buɗewa. In babu abin da ya taka masa birki, haka zai yi ta hawa har ya narke daga ciki, sau da yawa ya tafi da direbobinsa, wato ƙananan taransistocin da ke tura shi, da rizistoci, wani lokacin har da lasifikar. Shi ne abin da ake nufi idan an ce amfilifaya "ta ci taransisto" ba tare da an yi mata komai ba.

Birkin wani ƙaramin taransisto ne, sau da yawa BD139, da rizisto biyu da firiset ɗin nan. Shi ne yake samar da ƙarfin bayas, wajen bolt 2.4 a tsarin da ke da direba da taransiston ƙarshe sama da ƙasa. Da yake shi ma silikon ne, in ya ji zafi yakan rage ƙarfin da yake bayarwa, sai ya janye manyan baya. Sharaɗin shi ne ya ji zafin. Na sha ganin faneloli da wannan ɗan taransiston yake tsaye a iska, nesa da hitsink, ko kuma an ɗaura shi ba man shafawa, ko sukurunsa ya yi sako-sako. Irin wannan na'ura tana tafiya ne da ikon Allah. Ya kamata a manna shi a jikin hitsink dab da manyan taransistocin, kuma Self ya nuna ya fi saurin jin canji idan an ɗaure shi a kan bayan ɗaya daga cikinsu. Kamfanin ON Semiconductor ma ya fitar da taransistoci masu ƙafa biyar, irin su NJL3281D, da aka saka musu diyod mai jin zafi a cikin jikinsu don wannan dalili.

Nan ne yanayinmu yake shigowa. Takardun bayanan taransisto suna ba da ƙarfinsa ne a digiri 25. Wat 150 da aka rubuta wa 2SC5200 a wannan sanyin ne, yana kuma raguwa yayin da jikinsa ke ɗumama. Yawancin zane-zanen da ake kwafowa daga intanet an yi su ne a ɗakunan da ba su wuce digiri ashirin da 'yan kai ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu, inuwa ma takan haura digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano. Digiri goma sha biyar zuwa ashirin na rarar da mai zanen ya tanada sun tafi tun ba a kunna ba. Na'urar da aka saita da safiyar hunturu a watan Janairu, buɗe, fanka na kaɗa ta, wata na'ura ce daban idan bazara ta kama.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon. Firiset mai araha, buɗaɗɗe, in ƙura ta shiga sai harshensa ya daina taɓa hanyarsa. Abin da zai biyo baya ya danganta da inda aka sa shi. In yana tsakanin bes da emita na ƙaramin taransiston, yankewarsa tana mayar da bayas ƙasa: sauti ya ɓaci, amma babu abin da ya ƙone. In yana tsakanin bes da kwalekta, yankewarsa tana sakin bayas gaba ɗaya, sai hayaƙi. Wanda ya duba fanel ɗinsa ya ga na biyun, ya gyara. Ya kuma sayi firiset rufaffe mai juyi da yawa, irin 3296 mai juyi 25. Bambancin kuɗin bai kai na taransisto ɗaya ba.

A kan teburin aiki

Kafin a kunna wuta, a cire lasifika, a haɗa bakin shigar sauti da ƙasa. A mayar da firiset inda bayas ya fi ƙanƙanta, kuma kada a yarda da hagu ko dama, a gwada da mita. In firiset ɗin yana tsakanin bes da emita, mafi yawan om shi ne mafi ƙarancin bayas, akasin yadda hankali ke zato.

Sai a sa kwan fitila a jere da wayar wutar gida. Tsohon kwai mai zare ake so, mai wat 60 zuwa 100, irin wanda ya fara wuya a kasuwa. Na zamani masu LED ba sa wannan aiki. Idan an kunna, kwan zai haska da ƙarfi na ɗan lokaci yayin da manyan kafasito ke cika, sannan ya dusashe ya koma ja-ja ko ya mutu. In ya ci gaba da haske, akwai matsala a fanel, kuma kwan ne ya shanye wutar da za ta ƙone taransistoci. In ya dusashe, a auna bakin fita: bai kamata a ga fiye da milibolt 50 na tsayayyar wuta ba. A murɗa firiset kaɗan a tabbata lambar tana amsawa. Daga nan a kashe, a cire kwan. Ba a saitin ƙarshe da kwai a layi, domin yana rage ƙarfin wutar, kuma abin da aka saita a kansa zai haura da zarar an cire shi.

Ko mita mai araha irin DT830 tana da ma'aunin milibolt 200, ya kuwa wadatar. A maƙala wayoyinta da 'yan maƙalai a ƙafafun rizisto ɗin tun wuta tana kashe. Riƙe tsinken mita da hannu a tsakanin ƙafafun da ke ɗauke da bolt 100 shi ne hanyar da aka fi kashe sabuwar amfilifaya: tsinke ya zame, tartsatsi ya tashi, aikin mako ya tafi. A kuma tuna kafasito mai maikurofarad 10,000 yana riƙe wuta bayan an kashe makunni.

Yanzu a kunna, a fara murɗawa a hankali. Da farko mita za ta tsaya a 00.0, juyi ɗaya, biyu, biyar, kamar ba abin da ke faruwa. Nan ne mai gaggawa yake ƙara sauri. Can sai ka ga 00.4, sai 01.5, daga nan kuma kowane ɗan motsi na sukundireba sai ya ƙara milibolt biyu ko uku. A tsaya a wajen kashi biyu cikin uku na abin da ake nema, misali 15 in ana son 22. A ɗora murfin akwati, a bar ta minti ashirin, ido na kan mita. Lambar za ta yi yawo, ta hau, wataƙila ta ɗan sauko, sannan ta zauna. In ta zauna, a ƙarasa saitin, a sake jira. In kuwa hawa take yi ba tsayawa, 18, 25, 40, a kashe nan take a koma kan ɗan taransiston mai jin zafi.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa. A mayar da lasifika, a ba ta aiki mai nauyi na rubu'in awa, a tsayar da sautin, a duba mita. Daidai ne a ga lambar ta haura sannan ta dawo gida cikin 'yan mintuna. In ta faɗi kusan sifili, birkin ya yi yawa. In ta ƙi saukowa, bai isa ba, ko hitsink ya yi ƙanƙanta. In na'urar da fanka za ta yi aiki, da fankar a saita ta. Da yake wutarmu 230 ce a takarda kawai, a duba lambar a kan wutar gari, a sake dubawa a kan janareto.

Mai jeri uku ko huɗu ya auna kowane rizisto. In ya ga 19, 21, 22, lafiya. In ya ga 12, 20, 35, taransistocin ba su dace da juna ba, kuma mai 35 ne zai fara mutuwa. Sau da yawa jabu ne a ciki, don 2SC5200 na cikin taransistocin da aka fi kwaikwayo a duniya. A fasa ɗaya a gani: ƙwayar silikon ɗin na jabu ƙarama ce ainun. Idan kuma lambar tana tsalle da zarar an kai yatsa kusa da fanel, ko rizisto mai om 10 da ke bakin fita yana zafi ba sauti, to na'urar tana wani kaɗawa ne da kunne ba ya ji, kuma murɗa firiset ba zai warkar da shi ba.

Duk wannan lissafi na tsarin da aka fi sani ne. Akwai tsarin da ake juya direba da taransiston ƙarshe, wanda ake kira Sziklai, rizistocinsa a ƙafar kwalekta suke. Shi 'yan milibolt yake so, miliamfiya goma zuwa goma sha biyar, kuma a jikin direba ake manna mai jin zafin. Wanda ya kai shi milibolt 26 ya wuce gona da iri. Mosfet irin 2SK135 da 2SJ50 da Hitachi ya fitar a ƙarshen shekarun 1970 suna riƙe kansu a wajen miliamfiya 100, amma IRFP240 da ya cika kasuwa ba haka yake ba, sai da birki. Masu TDA2030, LM3886, TDA7294 ko ƙananan faneloli na aji D irin TPA3116 kuwa ba su da abin murɗawa, an gama saitin tun daga masana'anta.

A ganina, milibolt 22 zuwa 26 na amfilifayar falo ce mai babban hitsink da iska. Wadda za ta wuni a rana tana tura ƙaho, ko ta kwana tana aiki a gidan biki, a tsayar da ita tsakanin 10 da 15 a kan om 0.22. Ɗan abin da za a rasa na tsabtar sauti sai na'urar awo ce za ta gan shi, amma taransistocin za su ga baɗi. In an gama, a ɗiga jan farce a kan sukurun don kada girgizar mota ta motsa shi, a rubuta lambar da kwanan wata a cikin murfin akwati saboda mai gyaran da zai buɗe ta nan gaba. Wanda kuma ya yi saitinsa a cikin hunturu, don Allah ya sake ɗora mita a watan Maris kafin zafi ya kankama.